Abincin Ɗalibai a Jami'o'in Nijeriya: Daga Ɗakin Cin Abinci Zuwa Bukka

Tun ran da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a shekarar 1948, da ɗalibai 104, maganar abin da 'yan makaranta za su ci ta shiga cikin manyan al'amuran da ke damun masu riƙon jami'o'in Nijeriya. Sau biyu rigimar da ta taso daga bakin tukunya ta kai ga zub da jini. Duk da haka masu binciken tarihin ilmi ba su cika waiwayar wannan fanni ba, watakila don suna ganin maganar ciki ta yi ƙanƙanta a gaban maganar littafi. Idan za a auna abincin wata makaranta kuwa, tambayoyi biyu ke gaban mai aunawa. Ta fari, iri nawa ne ɗalibi zai iya zaɓa? Ta biyu, abin da ya zaɓa ɗin yana gina jiki, yana da tsabta, aljihunsa kuma zai ɗauka?

Turawan da suka kafa kwalejin Badun sun yi koyi da tsofaffin jami'o'in Ingila. Aka rarraba ɗalibai gida gida, kowane gida da madafarsa da ɗakin cin abincinsa, har da wani tebur na musamman inda malamai ke zama. Jami'o'in da suka biyo baya, har da ta Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, su ma suka ɗauki nauyin ciyad da ɗalibansu. Ɗalibi ya biya kuɗi kaɗan a ba shi tikiti, ya miƙa a bakin ƙofa safe da rana da dare. Ragowar kuɗin, wanda shi ne mafi yawa, Gwamnati ke cikawa. Waɗanda suka yi karatu a wannan zamani har yau suna ba da labarin shayi da burodi da ƙwai na karin kumallo, da shinkafa da kaza ta ranar Lahadi.

Amma fa a yi hattara da labarin dattawa, domin abin da ya wuce ya kan ƙara zaƙi a baki. Tukunya ɗaya ce aka ɗora wa al'ummu masu yawa. Wanda ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka, da wanda ya tashi da sakwara, da wanda bai san abinci ba sai teba, duk aka jera su a layi guda. Tuwon da aka tuƙa wa mutum ɗari biyar kuwa ba ya rasa gudaji, miyar da za ta ishe su ba ta rasa ruwa. Ga kuma 'yan kwangila masu kawo nama da hatsi, waɗanda ɗalibai ba su daina zargi ba. A Jami'ar Badun ƙorafin da mazauna gidan Nnamdi Azikiwe suka yi kan yadda ake tafiyad da madafarsu shi ne ya girma ya zama zanga-zanga, har ran 1 ga Fabrairu 1971 harsashin 'yan sanda ya kashe wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju.

Ta biyu ta fi ta farko muni. A 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ba da sanarwar ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, ta nemi a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, wanda da sunansa ake tuna rigimar har yanzu. Cikin watan Afrilu aka harbe Akintunde Ojo a Jami'ar Ikko, sa'an nan aka kashe waɗansu ɗalibai a Zariya. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta ƙungiyar, shugabannin jami'o'in Ikko da Zariya kuma suka bar kujerunsu cikin wannan shekara.

Mai karatu na yau zai yi mamakin rai ya salwanta saboda kwabo 50. Abin lura shi ne ɗalibai sun ɗauki ƙarin nan alama ce ta cewa Gwamnati ta fara janye hannunta, kuma ba su yi kuskure ba. A 1962 jami'o'i biyar ne a ƙasar. Aka ƙara ta Binin, sa'an nan a 1975 aka kafa waɗansu bakwai lokaci guda, watau kafin ƙarshen shekarun 1970 sun kai goma sha uku. Baki ya yi ta ƙaruwa, kuɗin man fetur da ake ciyad da shi kuwa ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin abinci, ciyarwar jami'a ta mutu daga nan.

Abin da ya maye gurbinta ba wanda ya zauna ya tsara shi. Manyan ɗakunan cin abinci aka ba da hayarsu ga 'yan kasuwa, ko aka mai da su ɗakunan karatu da na jarrabawa. A gefen gidajen kwana rumfuna suka tsiro, mata suka kafa murhu. Mutanen Kudu suna kiran irin wannan wuri buka, kalmar da ake dangantawa da bukka ta Hausa, kuma sunan ya dace da ginin. Bayan masu rumfa akwai mai ƙosai da koko da sassafe, da mai waina, da mai awara, da mai tsire da maraice, da mai shayi wanda shi ne ƙarshen tashi. Kashi na uku su ne ɗaliban da ke girki da kansu a kan risho ko ƙaramar tukunyar gas, da garin da aka ɗauro musu daga gida.

In aka bi ta ƙirga suna, ɗalibin yau ya fi na dā zaɓi nesa ba kusa ba. Yana iya cin ɗanwake da safe, dafa-duka da rana, sakwara da dare, kowanne daga hannun wadda ta gaje shi, abin da kukun jami'a bai taɓa iyawa ba. Wannan riba ce ta gaske, ba a kuwa cika faɗinta ba. Sai dai yawan suna daban, yawan iri daban. Shinkafa da miya, da shinkafa dafa-duka, da taliya, da burodi, da teba, da soyayyar doya, a wajen jiki kusan abu ɗaya ne, watau abinci mai ba da ƙarfi. Abin da ke gina tsoka da jini, kamar nama da kifi da ƙwai da nono, shi ake sayarwa da ɗai-ɗai, shi ne kuma farkon abin da ɗalibi ke yafewa in kuɗi ya yi ƙasa. Ganye da 'ya'yan itace sun fi kome ƙaranci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babba ya ci giram 400 nasu a yini, alhali kuwa abin da ke kan farantin bukka sau da yawa bai wuce yankan albasa da ɗan kabeji ba.

A nan ne ya kamata a tsaya kan cimar gargajiya, don an daɗe ana yi mata kallon abincin ƙauye. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da masana ke kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Waken kuma ya gaza a wani sinadarin da hatsi ke da shi. Saboda haka in an gama su a ciki ɗaya sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Garau-garau, wanda ɗalibai ke ci don arha, ya fi farar shinkafa da miya mara nama amfani, haka koko da ƙosai, haka fura da nono. Gero ya fi shinkafar da aka goge sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, abin da 'yan mata suka fi kowa bukata. Kuka da zogale da rama ganye ne na sosai, daddawa kuma ba ƙamshi kaɗai take ba miya ba. Yaron da ya baro ƙauye ya koma cin taliyar Indomie, wadda aka fara yi a Nijeriya a masana'antar Ota cikin shekarun 1990, yana zaton ya ci gaba, alhali fulawa ce da mai da gishiri. Ƙwan da mai shayi ke fasawa a kai shi ne ke fid da ita kunya.

Maganar tsabta kuwa ba a gane ta da ido. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin awo 5 da awo 60 na ma'aunin zafi, watau daidai ɗumin shinkafar da aka dafa da hantsi aka bar ta cikin kwano har la'asar. Akwai wata ƙwaya a shinkafa da tafasa ba ta kashe irinta, in abincin ya huce sai ta farfaɗo ta zuba dafi, ɗumame kuma ba ya karya dafin. Zazzaɓin taifot da kwalara ta ruwa da hannu suke bi, don haka bokitin da ake ɗauraye faranti ɗari a ciki ya fi ƙuda haɗari. Gyaɗa da masara da suka sha danshi a ajiya suna yin fumfuna mai dafin da ake kira afulatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe talo-talo kimanin dubu 100 a Ingila a 1960. Yana lalata hanta a hankali, wuta ba ta kashe shi, mai sayen ƙuli-ƙuli kuma ba shi da hanyar ganinsa. Gishiri ma abin dubawa ne: abin da aka yarda wa babba bai kai giram 5 a yini ba, ga dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa miya ba lissafi, wanda shi kansa galibinsa gishiri ne.

A dā in abinci ya ɓaci an san ƙofar da za a buga, domin jami'a ce mai tukunya. Yanzu masu tukunya sun yi yawa. Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ta fi ƙarfi kan abin da ke cikin leda da gwangwani. Dafaffen abinci kuwa aikin duba-gari ne da ofishin kula da ɗalibai, wanda ke ba da rumfa, yana kuma da ikon ƙwace ta. Inda aka sa wa masu abinci sharaɗin gwajin lafiya, aka kai musu famfo, aka riƙa zagayawa ba tare da sanarwa ba, an toshe mafi yawan ƙofofin da aka ambata, da kuɗin da bai kai na ciyad da gida ɗaya ba. Kwalejojin horon malamai masu ɗakunan kwana su ma wannan hali suke ciki.

Saura farashi, wanda shi ke yanke hukunci a kan duk abin da ya gabata. Ɗaliban Nijeriya suna da wani lissafi na raha da suke kwatanta cinsu da shi, lamba uku a jere, ta safe da ta rana da ta dare. Ɗaya-ɗaya-ɗaya na farkon zango ne, sa'ad da guzuri ke nan. In tafiya ta miƙa sai a koma ɗaya-sifiri-ɗaya, daga nan sifiri-ɗaya-sifiri, a riƙa jiƙa garin rogo da sukari ana toshe gurbin da ya rage. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, bisa ƙididdigar Gwamnati. Mai bukka ba ta iya ninka kuɗin faranti ga mai saye irin wannan, don haka sai ta rage ludayi, ta ƙanƙanta yankan nama, ta ƙara wa man suya kwana. Ƙarewar guzuri kuwa ta kan zo daidai da makonnin jarrabawa, lokacin da ɗalibi ya fi raba dare, rumfuna sun rufe, ba wanda ya rage da wuta sai mai shayi.