Runka da Dajin Rugu a Ma'aunin Alƙaluma

Duk wanda ya nemi yawan mutanen Runka a takardun gwamnati, iyakarsa ƙaramar hukuma. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da Najeriya ta yi, an fitar da sakamakonta ne a matakin jiha da na ƙaramar hukuma, ba a sauko kan garuruwa da ƙauyuka ba. Shi ya sa Runka, garin da ke yammacin Safana a bakin Dajin Rugu, wanda ke da mazaɓu biyu da sunansa, ya nutse a cikin jimillar Safana. Jimillar kuwa mutum kimanin 185,000 ce. Batsari, maƙwabciyarta ta arewa, tana da kimanin 208,000. In aka haɗa su, mutum 393,000 ke nan cikin miliyan 5.8 na Jihar Katsina a wancan lokaci. Wato a duk Katsinawa 15, ɗaya ɗan Safana ne ko ɗan Batsari.

Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar ƙidayar yanzu ya isa aure, amma har yau da waɗannan alƙaluma ake rabon komai. An shirya sabuwar ƙidaya a 2023, aka ɗage ta. Abin da ake yi a madadinta shi ne ƙiyasi: a ɗauki adadin 2006, a riƙa ɗora masa kashi 3 cikin 100 duk shekara. In muka bi wannan lissafi zuwa 2025, mutum 393,000 sun koma kimanin 690,000. Ƙarin da aka samu, kusan 300,000, ya fi dukkan mutanen Batsari na 2006 yawa. Kamar an kawo wata ƙaramar hukuma ta uku an dasa a tsakanin biyun, ba tare da an ƙara ko taki ɗaya na ƙasa ba.

Sai dai ƙiyasi bai san gudun hijira ba. Shi a wurinsa kowa yana nan inda aka haife shi. Mutanen ƙauyukan bakin daji da suka kwashe iyali suka koma cikin garin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko birnin Katsina, har yanzu a ƙauyukansu lissafin yake ajiye da su. Wasu ma sun tsallaka iyaka: zuwa 2021 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da mutum 70,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a yankin Maraɗi. Don haka jimillar ƙiyasin tana iya zama kusa da gaskiya, amma rabonta tsakanin gari da ƙauye ya riga ya birkice. Makarantar da aka gina don ƙauye tana iya zama kango, ta cikin gari kuwa yara sun cika aji har baranda.

Mu duba ƙasar ita kanta. Faɗin Batsari murabba'in kilomita 1,107 ne. Raba mutum 208,000 a kan wannan, za ka samu 188 a kowane murabba'in kilomita. Na jiha baki ɗaya, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 24,200, ya kai 240. Mai kallon takarda daga ofis zai ce ai nan akwai sarari, kuma a nan ne kuskuren yake. Murabba'in kilomita ɗaya hekta 100 ne, hekta kuwa fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. A 2006 rabon kowane mutum ɗaya ya ɗan ɗara rabin hekta. A ƙiyasin 2025, da Batsari ta kai kimanin mutum 364,000, rabon ya sauko zuwa kashi 3 cikin 10 na hekta. Gida mai mutum 10 ya tashi daga hekta 5 zuwa hekta 3. A cikin ukun nan kuma akwai duwatsu, akwai hanya, akwai maƙabarta da matsugunin gari, akwai kuma dajin gwamnati da doka ta hana a sare. Abin da ya rage wa gero da dawa da wake da gyaɗa, da rogon da Batsari ta yi suna a kansa, bai kai haka ba. Manomin da gonar gado ta rabu gida takwas ba ya bukatar wani ya nuna masa inda sauran fili yake. Yana ganin sa daga ƙofar gidansa, ta yamma.

Dajin kuwa, adadin da jaridu suka fi maimaitawa a kansa shi ne kilomita 220. Tsawo ne wannan, ba faɗi ba, kuma ba daji guda mai shinge ake nufi ba. Jerin dazuzzuka ne da suka taso daga wajen iyakar Nijar, suka bi ta Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, ɗaya ɓarin kuma yana cikin Zamfara. Adadi ne mai ba da tsoro, amma ba ya bayyana komai game da yadda aka kai ga halin da ake ciki. Wanda ya fi shi amfani shi ne na makiyayar Ruma da Kukar Jangarai da ke wannan yanki, wadda faɗinta ya haura hekta 100,000. Tana cikin makiyayun farko da gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe a shekarun 1960, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, a zamanin da aka yi dokar makiyaya ta 1965. An haƙa madatsun ruwa, an fitar da hanyoyin tare gobarar daji, an kawo malaman dabbobi. Manufar ita ce Bafulatani ya samu ciyawa da ruwa da magani a wuri guda, ya rage yawo.

Ga lissafin da ke ƙarƙashin wannan manufa. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kimanin kilo 6 a rana, fiye da tan 2 a shekara. Ruwan sama a wannan yanki, milimita 700 zuwa 800 a shekara mai kyau, kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Ciyawar wata huɗu ce za ta riƙe dabba wata goma sha biyu. Gamba da kyasuwa suna tashi da damina, kaka ta yi su bushe, gobara ta ci rabonta, gara ta ci nata. In bazara ta kama, sai ka ga makiyayi a saman marke ko gawo da adda, yana sassabo ganye, shanu sun kewaye gindin bishiyar sun ɗaga kai. A irin wannan ƙasa, mu ɗauka saniya ɗaya na bukatar hekta 5 kafin ta ga ƙarshen shekara ba tare da ta cinye dajin ba. To hekta 100,000 shanu 20,000 kawai za ta ɗauka. Garke ɗaya mai shanu 50 yana bukatar hekta 250, wato rabon mutum fiye da 800 a lissafinmu na ɗazu. Wanda ya fahimci wannan layi ɗaya ya fahimci rabin rigimar manomi da makiyayi.

Ruwa ma haka. In saniya ta sha lita 30 a rana da zafi, shanu 20,000 za su sha lita 600,000, cikin tankar mai 18 ke nan kowace rana. Da yawa ne, amma dubi madatsar Zoɓe da ke kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. An gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 177. Abin da shanun nan za su sha shekara guda cur bai wuce kashi 1 cikin 800 na wannan ba. Ashe ba ƙarancin ruwa ke damun yankin ba, nisansa ne. Saniya ba ta shan ruwan da ke bayan gonakin mutane sai ta keta su. Ƙananan madatsun cikin daji su ne maganin wannan, kuma su aka bari yashi da laka suka cike bayan masu tallafi sun tafi. Ba Katsina kaɗai ba: adadin da hukumomin tarayya kan ambata shi ne makiyayu 415 a faɗin ƙasa, 141 ne kawai aka yi musu rajistar doka.

Kada a ɗauka wannan uzuri ne ga mai kisa. Ƙarancin ciyawa bai taɓa ɗora wa kowa bindiga a kafaɗa ba. Akwai satar shanu, akwai zaluncin da aka yi ta yi wa makiyaya a hannun masu iko, akwai ramuwar 'yan sa-kai da ta haɗa da marar laifi, akwai makaman da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011, sannan garkuwa da mutane ta zama sana'a mai cin gashin kanta. Amma dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa shi ya ba duk waɗannan masauki.

Alƙaluman rashin tsaro kowa ya san su, ba sai an daɗe a kansu ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsin-Ma da Safana. A Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su dajin nan, aka sako 344 bayan kwana shida. Waɗannan su ne suka kai ga jarida. Ba wanda ya tara adadin gonakin da suka kwana shekara da shekaru ba shuka, ko shanun huɗar da aka sayar aka biya kuɗin fansa, alhali su ne asarar da za ta fi daɗewa a jikin mutane.

A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin da suka haɗa da na Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka da ɗauko itace a mota daga daji. A gidajen man da aka amince wa, ba a ba mutum fiye da na naira 5,000, kimanin lita 30 a farashin lokacin. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da mutanen Safana suka saba jingina da ita, aka kai Disamba kafin a fara maido su. A watannin nan Runka ta zama tsibiri a kan tudu: daji ta yamma, ba waya, ba kasuwar dabbobi, mai kuma a ƙididdige. Mai son ya sanar da ɗansa da ke Legas rasuwa sai ya ba direba saƙo a takarda, a kira in an isa inda layi yake. Mai akuya biyu da ya saba sayar da ɗaya ya sayi magani, ya rasa inda zai kai ta. An yi dokar ne don a matse na cikin daji, amma na bakin daji ya sha matsin tare da shi.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, rukunin farko kusan mutum 1,500. Ko da a ƙananan hukumomi 8 na bakin daji kaɗai aka zuba su daidai wa daida, kowace za ta samu kimanin 180, wato a Batsari mutum ɗaya ga kowane 2,000. A 2025 kuma al'ummomi da dama, har da na Batsari da Safana, suka zauna sulhu da masu riƙe da makamai. An gwada irin wannan a 2019 bai ɗore ba, don haka mai hankali zai jira ya ga damina biyu ko uku kafin ya yi guɗa.

To ina maganar yawon buɗe ido a cikin wannan duka? Abin gani dai akwai shi. Akwai duwatsun da suka warwatsu a yammacin jihar, akwai kuka da tsamiya da ɗorawa da suka ga zamanin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, akwai tsohon garin Ruma da labarin jaruminsa Ɗanwaire, ga Zoɓe a kusa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, Katsina ta samu ɗaya, dajin Kogo da ke ƙasar Faskari. Amma a tambayi Birnin Gwari ko suna kaɗai yana kawo baƙi. Gandun Kamuku da ke can, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, kusan daidai da Batsari, ya daɗe da samun wannan matsayi, bai hana shi zama mafakar 'yan bindiga ba. A ganina duk wanda ya zo wa mutanen Runka da zancen masaukin baƙi yanzu ya fara gini daga rufi. Jihar da binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2019 ya nuna kashi 56 cikin 100 na mutanenta suna rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara, ba 'yan shaƙatawa za ta fara turo wa daji ba. Baƙin farko da za su nuna an samu lafiya su ne dillalan shanu da masu sarin rogo, sai 'yan ci-rani masu dawowa gida da Sallah ba tare da sun tambayi labarin hanya ba, sai ɗaliban jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su shigo dajin da malamansu su auna itatuwa. In waɗannan sun shekara suna zuwa suna komawa lafiya, mai kyamara zai biyo sawunsu da kansa.

Kafin nan akwai aikin da ba ya bukatar jiran Abuja. Hakimai biyu, Yariman Katsina a Safana da Sarkin Ruma a Batsari, suna da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. A sa su, tare da ƙananan hukumomin biyu, su rubuta mazaɓa-mazaɓa gidaje nawa suka tashi, nawa suka dawo, gonaki nawa aka bari, rugage nawa ke cikin daji da shanu nawa, madatsun ruwa nawa suka cike da yashi. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa ya ɗauki takardar ya kai inda ake rabon kasafi, a fara da yashe madatsun kafin bazara mai zuwa.