Ko Ka San Injin Da Ke Gurzar Daɓen Siminti Da Lu'ulu'u?

Ko ka san akwai injin da haƙoransa na lu'ulu'u ne, kuma aikinsa gurzar daɓen siminti? Shi ƙwararrun magina ke fara turawa a kan daɓen gareji, shago ko masana'anta kafin su shafa masa fenti mai ƙarfi irin ifoksi. Duk wanda ya taɓa kallon masu aikin tarazo ya ga danginsa.

Dalilin gurzar shi ne, idan aka zuba kankare, ruwa yakan taso sama da lallausan garin siminti, ya bushe ya zama wani ɓawo marar ƙarfi. Fentin da aka shafa a kansa ɓawon ya kama, bai kama daɓen ba, shi ya sa ba a jimawa yake ɓarewa. Injin yana kankare wannan ɓawo tare da tsohon fenti da dattin da ya manne, ya bar daɓen da ɗan kaushi yadda sabon fenti zai sami wurin riƙewa.

A ƙarƙashin injin akwai faifai mai juyawa, an jera masa guntayen ƙarfe, an cusa ƙwayoyin lu'ulu'u a cikinsu. Galibin ƙwayoyin a masana'anta ake haɗa su. Kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar haɗa irinsu tun a 1954. Abin mamaki, kankare mai tauri ƙarfe mai laushi ake sa masa, domin ƙarfen ya riƙa cinyewa yana fito da sababbin ƙwayoyi masu kaifi. Kankare mai laushi kuwa ƙarfe mai tauri yake so, in ba haka ba yashinsa ya cinye haƙoran nan take. Ƙwayoyin kansu lamba gare su: 16 ko 30 masu kaushi ne, na fara aiki, yadda lambar ke hawa haka suke ƙara laushi.

Sai dai gurza ba ta maganin tsaga. Kankare yana ɗan tsukewa yayin da ruwansa ke fita, shi ya sa yake darewa. Akan bi tsagar da ƙaramin injin hannu a buɗe bakinta, a zuƙe ƙurar tas, a cika ta da ifoksi, in ya daskare a gurje ya yi daidai da sauran daɓen. Tsagar da har yanzu take motsi kuwa abin cikewa mai talewa take buƙata, kuma wajibi ne a binciki ƙasar da ke ƙarƙashinta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma danshi. Sabon daɓe akan ba shi aƙalla kwana 28. Sannan a shimfiɗa leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, a liƙe bakinta, a bar ta awa 16. In aka ɗaga aka ga gumi ko wurin ya yi duhu, lokacin fenti bai yi ba.

Ƙurar wannan aiki tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta haddasa cutar da ba a warkewa. Don haka ake haɗa injin da na'urar zuƙar ƙura, ko a yi gurzar da ruwa. Maigida, idan ka kira masu gyaran daɓe, ka tabbata sun zo da takunkumi na gaske, kuma kada ka matsa musu su shafa fenti kafin a gurje, a cike, a bushe.