Mai Cin Maki Ko Mai Tsaro: Yadda Ake Auna Sabbin 'Yan Ƙwallon Kwando

Idan kana bin wasannin Gombe Bulls, ko kana raba dare a Gombe kana kallon gasar NBA ta Amurka, ka san gardamar nan: wa ya fi amfani, yaron da ke zura ƙwallo a kwando, ko wanda ke hana a zura? Manyan ƙungiyoyi ma ita suke yi duk shekara, sai dai su da miliyoyin daloli suke yin ta.

Mene ne diraf?

Diraf shi ne zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NBA 30 ke yi, yawanci a watan Yuni. Zagaye biyu ake yi, kowace ƙungiya da kasonta a kowane zagaye. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke samun damar fara zaɓa, bayan an yi ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyi 14 da ba su kai wasannin fitar da gwani ba. Dole yaro ya cika shekara 19 a shekarar zaɓen. Ta hanyar diraf Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a matsayin na ɗaya a 1984.

Su wane ne ake gwadawa?

Na farko ɗan baya ne mai cin maki. Shi ke riƙe ƙwallo, ya yanke mai tsaronsa, ya jefa daga nesa. Galibi ba dogo ba ne can. Na biyu ɗan gefe ne mai tsaro, tsawonsa wajen mita 2, hannuwa zalau-zalau, aikinsa ya manne wa gwanin abokan hamayya kamar kaska har a tashi.

Ashe ba mai maki ne gwani ba?

Za ka ce ai da maki ake cin wasa. Gaskiya ne, amma ƙwallo ɗaya ce a fili, mutum biyar ke jiran ta. Yaron da ya saba jefawa sau ashirin a makaranta, in ya shiga ƙungiyar da ke da tauraronta, ba za a sakar masa ƙwallo haka ba. In kuma gajere ne, abokan hamayya ta kansa za su riƙa bi. Shi kuwa aikin mai tsaro bai cika fitowa a takarda ba. Ba a rubuta jifan da ɗan wasa ya fasa yi saboda ya ga hannu a gaban fuskarsa.

Dubi 2011. Jimmer Fredette ya fi kowa maki a manyan jami'o'in Amurka, kusan 29 a kowane wasa, aka ɗauke shi na 10. Kawhi Leonard, mai tsaro da ake cewa bai iya jifa ba, sai na 15. Fredette bai taɓa samun gurbi tsayayye ba, ya koma wasa a Sin. Leonard ya koyi jifa a San Antonio, ya zama gwarzon wasannin ƙarshe a 2014 da 2019.

Kada ka yi saurin yanke hukunci dai. A 2020 Cleveland ta ɗauki Isaac Okoro, ɗan asalin Najeriya, na 5 saboda tsaronsa. Tyrese Maxey, mai cin maki, ya jira har na 21. Maxey ya shiga sahun taurarin gasar, Okoro kuwa ya daɗe ana barin sa a sake a kusurwa don ba a tsoron jifansa. Mai tsaron da ba ya jifa, a wajen kai hari tamkar ƙungiyarsa ta koma mutum huɗu ne.

To me za ka duba?

Ga mai maki, kada yawan makin ya ruɗe ka, duba jifa nawa ya yi kafin ya tara su, kuma ko yana ba abokansa ƙwallo in an rufe shi. Ga mai tsaro, kalli jifansa na kyauta, wato wanda ake ba mutum a layi bayan an yi masa keta. Masu farautar 'yan wasa sun ɗauki wannan a matsayin alamar ko hannun zai koyi jifan nesa.

Nawa kuskure ke ci?

Wanda aka ɗauka a zagayen farko kwantiraginsa kan kai shekara huɗu, kuma albashin biyun farko wajibi ne, ya yi wasa ko ya ɗumama benci. Babbar asarar ita ce gwanin da aka tsallake.

Ina ruwan Gombe?

Ƙungiyoyinmu ba diraf suke yi ba, kai tsaye suke ɗaukar 'yan wasa, amma kocin da ke tantance yara wannan lissafin yake yi. A ganina, mai maki ya cancanci gaba ne kawai idan ya yi wa tsaransa fintinkau. In ba haka ba, a ɗauki dogon mai tsaro da hannunsa ke nuna alamar jifa, don kowace ƙungiya na da gurbinsa. In kana da ƙane mai tsawo da ke zuwa atisaye, ka sa shi ya dage da tsaro da jifan kusurwa tun yanzu.