Turmi da Rumbu: Abin Lura Kafin a Sayi Kwamfutar Tafi-da-gidanka

A shekarun baya, in yaro ya sami shiga makarantar gaba, iyaye su kan tanada masa akwatin ƙarfe, da bokiti, da fitila, da ɗan gari da ƙuli-ƙuli. Yanzu an ƙara wani abu a kan waɗannan, watau kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, kuma in ɗalibi ya shiga jami'a, da kwamfuta zai yi yawancin rubutunsa da bincikensa. Kuɗin wannan na'ura ba kaɗan ba ne. A gidaje da yawa sai an sayar da buhunan masara, ko an ɗauki adashi, kafin a haɗa shi. Wanda ya yi kuskuren zaɓi kuwa, shekara uku ko huɗu zai yi yana fama da abin da ya saya.

In ka shiga kasuwar Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, mai shago zai nuna maka lambobi biyu, misali 8 da 256, kowace da haruffan GB a bayanta. GB ɗin nan shi ne gigabait, mudun da a ke auna abin da kwamfuta ke riƙewa. A takaice a kan ce giga. Mutane da yawa su kan bi babbar lambar, su manta da ƙaramar. Nan ne a kan yi asara.

Turmi dabam, rumbu dabam

Bari mu ɗauki misali daga tsakar gida. Hatsin shekara yana cikin rumbu. Amma ba a yin daka a cikin rumbu. Sai an ɗebo an zuba a turmi, sa'an nan a sa taɓarya. Haka kwamfuta ta ke. Tana da rumbu inda ta ke ajiye takardu, da hotuna, da waƙoƙi, da manhajoji. Babbar lambar nan, 256 ko 512, girman rumbun ke nan. Tana kuma da turmi, wanda a ke kira ram, inda ta ke zuba abin da ta ke aiki a kansa a wannan lokaci. Ƙaramar lambar, 4 ko 8 ko 16, girman turmin ke nan. Mai dakan kuwa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, wadda masu shago ke ambata da sunaye irin su Core i5 ko Ryzen 5.

To, in turmi ƙarami ne, kome ƙarfin mai daka, sai ta riƙa yi kaɗan kaɗan, tana kai da kawowa tsakanin turmi da rumbu. Wannan zirga-zirga ita ce nauyin da ka kan gani sa'ad da ka danna abu, kwamfuta ta tsaya tana nazari. Girman rumbu ba ya rage wannan wahala ko kaɗan. Kwamfuta mai rumbun giga 1,000 da turmin giga 4 za ta yi ta jan ƙafa, ga wuri fili amma ba sauri.

Akwai wani bambanci kuma. Abin da ke cikin rumbu yana nan ko an kashe na'ura. Abin da ke cikin turmi kuwa, da zarar wuta ta yanke ya tafi. Shi ya sa ɗalibin da ya yi awa biyu yana rubutu bai adana ba, batir ya mutu, ya kan tashi a tutar babu. Ku koya wa yara su riƙa danna Ctrl da S tare a kai a kai, gama wannan shi ne kwashe gari daga turmi a kai rumbu.

Turmi nawa ya isa?

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 11 a watan Oktoba 2021, ya ce mafi ƙanƙantar abin da zai iya ɗaukarsa shi ne ram giga 4 da rumbu giga 64. Amma iya ɗauka dabam, jin daɗin aiki dabam. Windows shi kaɗai ya kan cinye fiye da rabin giga 4 ɗin nan tun ba ka buɗe kome ba. In aka buɗe shafukan intanet biyar ko shida, da takardar rubutu, turmi ya cika. Saboda haka kada ka sayi mai giga 4 yau, sai dai in ka tabbata za a iya ƙara mata, ka kuma ware kuɗin ƙarin tun a ranar.

Giga 8 ya isa rubutu, da lissafin shago, da karatu ta intanet, da kallon bidiyo, in ba a tara abubuwa da yawa a buɗe ba. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a saya wa ɗalibi.

Giga 16 shi ne na kwanciyar rai. Ɗalibin injiniya, da na zanen gine-gine, da mai koyon rubuta manhaja, da mai gyaran hotuna, duka wannan ya dace da su. Ko masu ƙera na'urorin sun nuna inda iska ta dosa. A watan Oktoba 2024 kamfanin Apple ya mai da giga 16 mafi ƙanƙantar ram a sababbin kwamfutocinsa na MacBook. In yaro zai riƙe kwamfuta har ya gama digiri, giga 16 zai raka shi ba tare da kuka ba.

Giga 32 kuwa na masu sana'a ne, irin masu haɗa bidiyon biki da masu manyan zane-zane. In ba wannan ne aikinka ba, ka bar kuɗinka ya yi wani amfani. Turmin da ya fi hatsi yawa ba ya ƙara gari.

Rumbu iri uku ne

A nan irin rumbun ya fi girmansa muhimmanci. Na farko shi ne faifai mai juyawa, wanda a ke rubuta HDD a jikinsa. Tsohon hannu ne. Kamfanin IBM ya fito da na farkonsa a 1956, mai fayafai 50, wanda bai riƙe abin da ya wuce haruffa wajen miliyan 5 ba. Hoto ɗaya na wayar yau ya kusa cika shi. Na cikin laftof ya kan juya sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa. Yana da araha da faɗi, amma yana da nauyin jiki, kuma ba ya son jijjiga. In kwamfuta ta faɗi tana kunne, aikin shekara zai iya salwanta.

Na biyu shi ne wanda a ke rubuta SSD. Ba abin da ke motsi a cikinsa. Faifai mai juyawa ya kan karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, shi kuwa wannan ya kan kai 500, sabon samfurinsa mai suna NVMe ma ya kan wuce 3,000. Ya fi jure gargadar hanya a kan babur, ya kuma fi tattalin batir, abin da ba ƙarami ba ne a inda wutar lantarki ke zuwa tana komawa. Tsohuwar kwamfuta da aka cire wa faifai aka sa mata SSD, sai ka ce an sake ta.

Na uku shi ne eMMC, wanda a kan samu a ƙananan kwamfutoci masu sheƙi da araha, giga 32 ko 64. A manne ya ke, ba ya ciruwa. Windows kan ci fiye da giga 20, sabuntawa ta bi ta cinye sauran. Araha ba ta ado. Ka guje shi.

Game da girma, rubutu ba ya cin wuri. Kundin digiri mai shafi 100 bai fi 'yan megabait ba. Giga ɗaya ya kan ɗauki hotunan waya 200 zuwa 300. Bidiyo ne mai haɗama, gama awa ɗaya na ɗaukar waya ya kan ci giga 4 zuwa 8. Saboda haka giga 256 ya ishi mai rubutu da karatu. Giga 512 ya fi dacewa da gidan da mutum uku ko huɗu za su yi tarayya a kan na'ura ɗaya. Giga 1,000, watau tera ɗaya, na mai tara bidiyo ne. In aka ce ka zaɓa tsakanin SSD mai 256 da faifai mai 1,000 a kan kuɗi ɗaya, ɗauki SSD.

Kada kuma ka yi faɗa da mai shago in ka je gida ka ga 238 maimakon 256, ko 476 maimakon 512. Ba cuta ba ce. Masu ƙera rumbu suna ƙirge da dubu dubu, Windows kuwa da 1,024. Mudu ne ya bambanta, hatsin ɗaya ne.

Wanne a kan iya ƙarawa daga baya?

Ga babban dalilin da ya sa turmi ya kamata ya fara cin kuɗinka. In rumbu ya cika, da sauƙi. Ka share abin da ba ka so, ko ka sayi rumbun waje mai igiya, ko a sake maka babba a yawancin na'urori. Turmi kuwa, a kwamfutoci sirara da yawa an like shi da dalma a jikin allon na'ura. MacBook duka na zamanin nan haka su ke. Abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna har na'urar ta tsufa.

Kwamfutocin ofis na hannu da a ke shigowa da su daga Turai da Amurka sun fi sauƙin kai a nan. Lenovo ThinkPad T480, da Dell Latitude 5490, da HP EliteBook 840 G5, duka na wajen 2018, kowace tana da gurbin ram biyu. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayen mai giga 8 bana, baɗi ya ƙara wani 8. Sai dai a lura, ram iri iri ne. DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5. Ka kai na'urar wurin mai gyara ya duba kafin ka saya. Farashin ram kuma ya yi tsalle a ƙarshen 2025, domin manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe shi, saboda haka ka tambayi kuɗin ƙarin tun kafin ka dogara gare shi.

Wani abu kuma game da na hannu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10. Windows 11 kuwa, in ƙwaƙwalwar ta Intel ce, ya kan nemi zubi na takwas ko wanda ya biyo baya. Dubi lambar da ke bayan sunan. In ka ga i5-8250U, lambar 8 ta fari ta nuna zubi na takwas ne. In ka ga i5-6300U, na shida ne, ya kwana biyu. Ko cikin na'urori ukun nan da muka ambata akwai waɗanda aka sa wa na bakwai, sai a duba.

A bakin shago

Gani ya kori ji. Kada ka dogara ga takardar da aka manna a jikin na'ura. Ka ce a kunna ta a gabanka, ka yi waɗannan:

1. Danna Ctrl da Shift da Esc tare. A shafin da ya buɗe, shiga Performance. Wurin da aka rubuta Memory zai nuna girman ram, sau da yawa har da yawan gurabe da waɗanda ke cike.

2. A ƙarƙashinsa, wurin Disk, za ka ga ko SSD ne ko HDD, da girmansa.

3. In mai shago ya ce, "Memorinta ɗari biyar ne, Baba," ka ce masa, "Na ji, ɗana. Ram fa, nawa ne? A like ya ke ko ana ƙarawa?"

4. Ka sa a rubuta lambobin nan duka a rasit, da kwanakin da za ka iya mayarwa in ta ba da matsala.

In ba ka saba da waɗannan ba, tafi da wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a zuba hatsi duka a rumbu ɗaya

Kowane rumbu yana da ranar lalacewa. SSD ma ya kan mutu, wani lokaci ba sallama. Ɓarawo kuma ba ya tambaya ko an gama kundin digiri kafin ya ɗauke jaka. Abin da ba za a iya sake samu ba, kamar kundin yaro, da hotunan aure, da lissafin kasuwanci, a ajiye shi a wuri biyu. Google ya kan ba mai adireshin Gmail giga 15 kyauta, wanda ya ishi rubutun shekara huɗu har da saura. A yi hattara da filas mai araha da aka rubuta tera ɗaya ko biyu a jikinsa. Akwai jabu da yawa masu nuna girman ƙarya, su karɓi kaya su lalata shi a ɓoye.

Ya ku iyaye, kafin a fita kasuwa, ku zauna da yaron ku tambaye shi aikin da zai yi da na'urar. Shi idonsa na kan sirantaka da sheƙi, ku kuwa kun san zufar da ta tara kuɗin. In kuɗin bai kai kome da kome ba, ga jerin da za ku bi: SSD tukuna, sa'an nan ram giga 16, ko giga 8 mai gurbin ƙari, daga baya a yi zancen girman rumbu. Wanda ya bi wannan jeri, ko ta hannu ya saya, za ta kai yaronsa ranar karɓar takardar shaida.