Tusar Jaki ta Al'aura: Bayani a kan Ƙurajen Matsirci da Fargabar da Suke Jawowa a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Ina neman afuwa tun da farko, domin batun wannan takarda yana daga cikin abubuwan da Bahaushe ke sakayawa. To amma rashin sani ya fi dare duhu. A 'yan shekarun da na yi ina koyarwa a Dutsin-Ma, ɗalibai sun sha tarar da ni a keɓe, kowa da tambaya iri ɗaya, kuma kusan kowa yakan ce wai abokinsa ne ya aiko shi: ƙurji ya fito a gaba, shin ciwon daji ne, ko kuwa tunjere? Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bayyana ɗaya daga cikin waɗannan ƙuraje, watau tusar jaki ta al'aura, ta bambanta ta da makamantanta, sa'an nan ta nuna inda haɗari na gaskiya yake.

2.0 Matsalar Suna

Tusar jaki sananniya ce a wurin Hausawa. Ita ce ɗan tsiron nan mai kaushi da ke fita a hannu ko a ƙafa, musamman ga yara, ba wanda ke jin kunyarsa. Amma da zarar irinsa ya fito a matsirci sai sunan ya sake. In a gaba ne a ce ciwon sanyi, in a dubura ne a ce basir mai tsiro. Kalmar sanyi kuwa ta zama buhu, an zuba mata cututtuka masu yawa waɗanda sanadinsu da maganinsu suka sha bamban. Masu tallar magani da lasifika a kasuwanninmu, daga Dutsin-Ma har Kurfi, da wannan suna guda suke sayar da kwalba guda. Idan suna ya ruɗe, lalle magani ma zai ruɗe.

3.0 Asalin Cutar

Ƙwayar cuta ce nau'in bairos ke kawo tusar jaki, wadda likitoci ke kira HPV a taƙaice. Tun a 1907 wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Ciuffo, ya nuna cewa abin da ke kawo tusar jaki yana yaɗuwa, kuma ƙanƙantarsa ta kai ya wuce ta matacin da ke tare sauran ƙwayoyin cuta. Yanzu an san wannan ƙwaya tana da iri fiye da 200, kuma kimanin 40 daga ciki ne ke kama al'aura. An ba kowane iri lamba. Lamba 6 da lamba 11 su ke kawo kimanin kashi 90 cikin 100 na tusar jaki ta al'aura. Irin da ke fita a hannun yara dabam ne.

Ana ɗaukar cutar ta hanyar gugar fata da fata wajen saduwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayar takan ratsa ta 'yar ƙaramar ƙujewa wadda ido ba ya gani, ta zauna a ƙarƙashin fata, ta sa ƙwayoyin fatar su yi ta hayayyafa har su yi tudu. Tsiron yakan fara kamar ƙwayar gero, mai taushi, launin fata ko ya ɗan fi ta duhu. Idan suka taru sukan yi kama da zankon zakara. Galibi ba su da zafi, sai dai ɗan ƙaiƙayi, wani lokaci da ɗan jini in an goge su. Ga namiji sukan fito a kan mazakuta ko maraina, ga mace a bakin farji ko cikinsa, ga duka biyun kuma a gefen dubura.

Ya kamata a lura cewa yawancin waɗanda suka ɗauki ƙwayar ba sa ganin kome. A kusan mutum 9 cikin 10, garkuwar jiki kan kawar da ita cikin shekara 2 ba tare da magani ba.

4.0 Ƙurajen da Ake Ɗauka Tusar Jaki Ce

Ba kowane tudu a matsirci ne cuta ba. Akwai maza da yawa da ke da jerin 'yan ƙananan tsirarraki, tsaf-tsaf kamar an jera tsakiya, kewaye da kan mazakuta. Halitta ce, ba ta yaɗuwa, ba ta bukatar magani. Haka nan akwai 'yan ɗige-ɗige farare ko masu ruwan ɗorawa a fatar gaban maza da mata, waɗanda mafitar maiƙon fata ne kawai. Askin gashin mara da reza, musamman a lokacin zafi, yakan bar ƙuraje a gindin gashi, wani ma ya zama maruru, su warke cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma waɗanda cuta ce, amma wata dabam. Ƙuraje masu ɗurar ruwa da raɗaɗi, waɗanda ke fashewa su warke su sake dawowa, wata ƙwayar bairos ce ke kawo su. Gyambo guda mai tauri wanda ba ya zafi alama ce ta farkon tunjere. Wannan shi ya fi yaudara, domin yakan warke da kansa alhali cutar tana nan tana ci a cikin jini, ga shi kuwa allurar fenisilin tana maganinta. Basir shi ma jijiyoyin jini ne suka kumbura, ba shi da dangantaka da ƙwayar HPV. Bambanta waɗannan duka aikin likita ne, kuma sau da yawa dubawa da ido kawai ta ishe shi.

5.0 Zargi Tsakanin Ma'aurata

Abin da ya fi ciwo a wannan lamari shi ne zargi. Tsiro ya fito wa amarya ko uwargida, miji ya ɗaure fuska, magana ta kai gaban iyaye, wani lokaci har igiyar aure ta tsinke. Ilmin likitanci bai goyi bayan wannan hukunci ba. Daga ɗaukar ƙwayar zuwa fitowar tsiro yakan ɗauki makonni ko watanni da yawa, kuma tana iya kwanciya shiru a fata shekaru sa'an nan ta bayyana, musamman lokacin goyon ciki ko raunin garkuwar jiki. Namiji na iya ɗauke da ita ba tare da alama ko ɗaya ba. A al'umma irin tamu, inda mace kan yi aure bayan aure, namiji kuma kan tara mata, ba mai iya tantance daga wa ta fito ko yaushe. Saboda haka fitowar tsiro ba hujja ba ce ta cin amana, kuma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

6.0 Magani

Maganin asibiti yana kawar da tsiron, garkuwar jiki kuma ita ke gamawa da ƙwayar. Likita na iya shafa podofilin ko wani ruwan magani mai ƙona tsiron kaɗai, ko ya daskarar da shi da sanyi mai tsanani, ko ya ƙone shi da na'urar lantarki, ko ya yanke shi. Tsiron kan dawo, musamman cikin wata 3 na farko, kuma dawowarsa ba ta nufin an sake ɗaukar cutar. Mai ciki ba a shafa mata podofilin, don haka dole ta faɗa wa likita halin da take ciki. Kafso da allurai irin na ciwon sanyi da ake saye a kemis ba su taɓa bairos ko kaɗan. Masu ɗiga ruwan batir, ko ɗaurewa da zare, ko kai wa wanzami ya yanke da aska, garin neman gira suke rasa ido: ƙuna da gyambo da tabo, ga yaɗa ƙwayar zuwa lafiyayyar fata. Babban asibitin Dutsin-Ma da na Kurfi su ne matakin farko, abin da ya gagara kuma a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Yana da kyau a yi gwajin tunjere da na ƙanjamau a lokaci guda, a kuma duba abokin zama. Kwaroron roba yana rage yaɗuwar cutar, ko da yake ba ya rufe dukkan fatar.

7.0 Haɗarin da Ba a Gani

Lamba 6 da 11 masu kawo tsiro da wuya ƙwarai su zama ciwon daji. Masu kisa su ne lamba 16 da 18, waɗanda masanin nan na Jamus, Harald zur Hausen, da abokan aikinsa suka gano a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Waɗannan biyu ke kawo kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, kuma sukan yi shekara 15 zuwa 20 suna aiki a ɓoye, ba tsiro ba zafi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mata kimanin 12,000 suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu. Watau ƙurjin da ke hana mu barci sauƙi gare shi, wanda ya kamata mu ji tsoro kuwa ba ya nuna kansa sai an bincika. Don haka ake son mace daga shekara 30 ta riƙa zuwa a duba mata bakin mahaifa ko da lafiyarta ƙalau, mai ɗauke da ƙanjamau kuma daga shekara 25.

Akwai rigakafi. An amince da allurar Gardasil a Amurka a 2006, kuma tana kare mutum daga lamba 6 da 11 da 16 da 18 gaba ɗaya. Ƙasar Ostireliya ta fara yi wa 'yan mata a 2007, cikin 'yan shekaru tusar jaki ta al'aura ta kusa ɓacewa a tsakanin matasanta mata. Nijeriya ta shigar da allurar cikin jerin rigakafinta a watan Oktoba 2023, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. Jihar Katsina tana cikin rukuni na biyu da aka fara a watan Mayu 2024. An zaɓi waɗannan shekaru ne domin allurar tana hana kamuwa, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, don haka sai a yi ta tun kafin aure.

8.0 Kammalawa

Ɗaliban da muke horarwa su ne gobe za su tsaya a gaban aji a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, kuma su iyaye za su tambaya ranar da ma'aikatan rigakafi suka zo makaranta. Shawarata ita ce a shigar da wannan bayani cikin darasin ilmin kiwon lafiya a kwalejojinmu, da Hausa, malama ga mata, malami ga maza. Malamin da ya san bambancin tsiro da sankara zai iya kwantar da hankalin mai tsoro, ya tura shi asibiti, ya kuma amsa wa uban da ke shakkar allura. Ina maraba da gyara daga likitocin da ke cikinmu.