Kwangilar gwamnati da haƙƙin lebura: abin da ke wuyan ɗan kwangila

Kwanan baya wani bawan Allah ya tare ni a ƙofar masallaci nan Briqueterie bayan sallar La'asar. Ya samu kwangilar gina azuzuwa biyu a wata makarantar gwamnati, ya miƙa aikin ga wani birkila, shi kuma birkilan ya ɗebo leburori. Ana cikin aiki yaro ɗaya ya faɗo daga saman gini ya karye, birkila ya gudu, albashin wata biyu ba a biya ba. Ya ce da ni: "Malam, ni fa ban san yaran nan ba, ban ɗauke su ba. Akwai wani abu a kaina?" Na ce masa: "Alhaji, akwai, a wajen hukuma da wajen Allah."

Tunda 'yan'uwanmu da yawa sun shiga wannan harka, daga masu gini zuwa telolin da ke ɗinka kayan ma'aikata da kafintocin bencin makaranta, ya kamata a yi bayanin mas'alar a fili.

Dokar kwangilolin gwamnati da ake aiki da ita a Kamaru ita ce wadda shugaban ƙasa ya sa wa hannu ranar 20 ga Yuni, 2018. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye ya san cewa cikin takardun da ake nema akwai shaidar biyan haraji, da shaidar hukumar ARMP cewa ba a hana shi neman kwangila ba, da kuma takardar CNPS, wato asusun fansho da haɗarin aiki. Wannan ta ƙarshe ita ce mutanenmu suka raina. Suna ɗaukarta takarda ce kawai ta cika dosiye, alhali ma'anarta ita ce kana shaida wa hukuma cewa ka yi wa ma'aikatanka rajista kuma kana zuba musu kuɗinsu. Wanda ya rubuta sunan ɗansa da direbansa kaɗai, ga mutum 20 suna yi masa aiki a wurin gini, ya yi shaidar zur da hannunsa. Wanda kuma aka kama da takardar jabu ana iya hana shi neman kwangila har shekara 2.

Asalin wannan tsari tsoho ne. Tun 1949 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 94, Kamaru kuma tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Hikimarta mai sauƙi ce: gwamnati takan ba wa mai rahusa aiki, to kada rahusar ta fito daga cikin lebura.

Mu yi lissafi, don a nan ake yin gardama. Tun watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata. A kan wannan albashi, ana cire kashi 4.2 cikin 100 daga kuɗin ma'aikaci don fansho, wato sefa 2,520, mai aiki ya ɗora daidai wannan daga aljihunsa. Sai kashi 7 na tallafin iyali, sefa 4,200, da kuɗin haɗarin aiki tsakanin kashi 1.75 da kashi 5 gwargwadon haɗarin sana'ar. Waɗannan biyun duka a kan mai aiki suke. Jimillar abin da ke kanka ba ta kai sefa 10,000 ga kowane mutum a wata ba. Wannan kuɗi tun ranar da kake ƙididdige siminti da rodi ya kamata ka sa shi cikin farashinka. Idan ka sa shi, ka karɓa, ba ka zuba ba, ka ci amana. Mafi muni shi ne wanda yake cire kason ma'aikaci daga albashinsa sannan ya riƙe. Mutum ya kai shekara 60 ya je neman fansho, a ce masa wata 180 da ake buƙata ba su cika ba, alhali kowane wata ana yankar kuɗinsa. Ni ban ga sunan da za a ba wannan ba illa cin dukiyar mutane da ƙarya.

Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta, 1992 ta tanadi sauran haƙƙoƙi: awa 40 a mako, abin da ya ƙaru a biya shi daban, hutun yini ɗaya a mako, ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Albashin wata kuma kada ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen wata, tare da takardar albashi. Malaman fiƙihu a babin ijara sun shardanta a san ladan aiki a san adadinsa tun farko. Saboda haka "zo mu fara, ba zan cuce ka ba" ba ƙulla ijara ba ce ingantacciya, ko da tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa ne.

To, mu koma ga tambayar Alhajin. Wanda ka miƙa wa wani ɓangaren aiki a kan dunƙulallen kuɗi shi kuma ya nemo ma'aikata, doka tana kiransa tasheron. Ta ce a rubuta yarjejeniyar da ke tsakaninku, kuma idan ya kasa biya, albashin ma'aikatansa ya dawo wuyan babban ɗan kwangila. Ba ka san sunayensu ba, amma ginin da suka ɗora shi ka kai wa gwamnati ka karɓi kuɗi. Game da wanda ya ji rauni, wajibi ne a sanar da CNPS cikin kwana 3 na aiki. Da an yi wa yaron nan rajista, da asusun ne zai ɗauki kuɗin magani da diyya. Yanzu sai dai Alhaji ya fitar daga aljihunsa, ko su haɗu a gaban sufeton ƙwadago, idan sulhu ya gagara a wuce kotu. Shari'ar ƙwadago kyauta ce ga ma'aikaci, kuma yana da shekara 3 na neman albashin da aka riƙe masa.

Na san uzurin da ake kawowa, kuma ba ƙarya ba ne: baitulmali yana jinkirin biya, wani lokaci a gama aiki a yi watanni ana jira. Amma lebura ba da gwamnati ya yi ciniki ba, da kai ya yi. Kai doka ta ba ka damar neman kuɗin fara aiki har kashi 20 cikin 100 a kwangilar gini idan ka kawo lamunin banki. Shi ba shi da komai sai kuɗin gumin da zai kai cefane gida. Wanda ba shi da jarin da zai riƙe albashin mutanensa na wasu watanni, ya nemi ƙaramin aikin da bai kai miliyan 5 ba, ko ya haɗa hannu da ɗan'uwansa su raba ribar, su rubuta wanda albashi da kuɗin CNPS ke kansa kafin a tona harsashi.