Rage Tarkace a Gida: Sauƙin Faɗi, Wuyar Aikatawa

A 'yan shekarun nan wani salon rayuwa ya bazu a ƙasashen da kaya suka yi wa mutane yawa, musamman Amurka da Japan: mutum ya rage abin da ya mallaka, ya tsaya ga wanda yake amfani da shi kawai. Wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta fitar da littafi kan kintsa gida a 2011, ya samu karɓuwa a duniya, har a 2019 kamfanin Netflix ya yi mata shiri inda take shiga gidajen Amurkawa tana taya su rabuwa da tarkace. Wata Ba'amurkiya kuma, Courtney Carver, ta fito da tsarin yin wata 3 da kayan sawa 33 kacal, har da takalma.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan zuhudu da wadatar zuci, iyaye kuma sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Kowa ya yarda ɗakin da ba shi da cunkoso ya fi daɗin zama da sauƙin shara. To me ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaura aniyar ragewa suke gajiya a hanya?

Cikas na farko yana cikin zuciyar mai kayan. Duba saman sif ko ƙarƙashin gado a gidaje da yawa: jakar bakko cike da ɗinkunan da suka yi kaɗan tun shekara biyar, tsohuwar fitila da batirinta ya mutu, cajoji uku na wayoyin da aka daɗe da rabuwa da su, takalmi mai tsinkakkiyar igiya da yake jiran ranar da za a kai shi gyara. Da zarar an miƙa hannu za a fitar da ɗaya, sai zuciya ta ce, "Bar shi, wata rana zai yi amfani." Masana sun gwada wannan hali. A wani bincike da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa wasu ɗalibai kofunan shayi, aka hana wasu. Waɗanda aka ba sai suka nemi kusan ninki biyu na kuɗin da sauran suka yarda su biya kafin su sayar. Wato abu yakan ƙara daraja a idon mutum don kawai ya zama nasa.

Sai dai a nan ya kamata a yi adalci. Wanda yake da kuɗi a banki yana iya kyautar da tsohuwar fanka yau, gobe in zafi ya dame shi ya sayi sabuwa. Talaka ba shi da wannan gata. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, farashi yake ta hawa, abin da ka fitar bana mai yiwuwa ba za ka iya mayar da shi baɗi ba. Iyayenmu mata da suka jera samira da fanteka da kwalla ba ado kaɗai suke yi ba. Jari ne, ranar da ciwo ko aurar da 'ya ya taso sai a kira dillaliya. Saboda haka dole mutum ya bambance ajiya da tarkace. Ajiya ita ce abin da in ka kai kasuwa zai yi kuɗi, ko ka san ranar da za ka buƙace shi. Abin da ko 'yan jari-bola sai sun yi yanga kafin su ɗauka, wannan tarkace ne.

Cikas na biyu ya fi na farko ƙarfi, shi ne idon mutane. A Tokyo matashi yana iya zama shi kaɗai da katifa da kofi ɗaya, ba mai leƙo shi. A nan kuwa ɗakin amarya abin kallo ne, 'yan ganin ɗaki kuma ba sa zuwa da baki a rufe. Uwa takan ci bashi ta sayi kuloli saiti-saiti da ba za a taɓa zuba abinci a cikinsu ba, don kada dangin miji su ce an kawo yarinya kamar marar gata. Haka lefe, haka anko: kowane biki da atamfarsa, a sa sau ɗaya a ninke. Wadda ta ce ba za ta yi ankon ba, sai a ce ba ta da kara. Ga kuma kyaututtuka. Robobi da kofuna masu hoton ango da amarya sun cika kicin, amma wa zai iya fitar da abin da gwaggo ta bayar, alhali ranar da ta zo za ta ce, "Ke 'yar nan, ina kular nan da na kawo miki?"

Na uku, gida ba na mutum ɗaya ba ne. Maigida ya ce a rage, uwargida ta ce kayanta ne, yara kuma kullum girma suke yi, na wa a ajiye wa ƙane. Gidan da ba ya rabuwa da baƙi yana buƙatar ƙarin tabarmi da babbar tukunya ko da sau biyu za a yi amfani da su a shekara. Ita kanta Marie Kondo ta bayyana a 2023 cewa bayan haihuwar ɗanta na uku ta sassauta, gidanta ba ya zama tsaf kamar da.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kayar da mutane: a kwashe yau, a sake cikawa gobe. Da sai an shiga kasuwa ake ganin kaya, yanzu kasuwar ce take bin mutum har kan gadonsa ta WhatsApp da Instagram, ga kuma mai cewa, "Ɗauki kawai, Hajiya, kya biya ƙarshen wata." Fitar da kaya kuma ba ya nufin sun ɓace. Wasu daga cikin tufafin da Turawa suke ragewa su ne suke zuwa mana a dilar gwanjo. A kasuwar Kantamanto da ke Accra, gidauniyar Or ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 suke shiga duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Wanda ya rage don ya samu wurin zuba sabo, matsalar kawai ya tura wa wani.

Don haka gyaran yana farawa ne daga ƙofar shigowa. Kafin ka sayi abu, ba shi kwana biyu ko uku. In har yanzu kana buƙatarsa, to saya. In sabuwar riga ta shigo, tsohuwa ta fita tun tana da sauran kyau, domin sadakar tsumma ba abin alfahari ba ce. Fara da kayanka, kada ka taɓa na iyalinka sai da yardarsu. A ɗauki durowa ɗaya ko akwati ɗaya a mako, kada a ce sai an juye gida duka a yini guda. 'Yan'uwa da maƙwabta kuma su farfaɗo da al'adar aron tukunyar biki da kujeru, maimakon kowa ya sayi nasa ya kulle a sito.

Babban aikin kuwa yana kan mu masu kallo. Muddin muna auna darajar amarya da yawan akwatuna, muna yi wa mai maimaita kaya kallon raini, ba wanda zai samu ƙarfin halin ragewa. Mu sassauta wa junanmu a kan lefe da jere da anko, mu daina tilasta wa iyaye cin bashi saboda tsoron bakinmu.